Daminar da Saifata Ta Kumbura

Shekarata takwas a daminar da na kwanta. Ƙauyenmu yana bakin kogin Rahad, tafiyar rabin yini a kan jaki daga Mafaza, kuma duk wanda ya san ƙasar Gadarif ya san abin da ruwa yake yi mata. Baƙar ƙasar nan da take tsattsagewa da rani har ɗan tsako ya faɗa ciki, ruwa biyu ya ishe ta ta koma taɓo mai riƙe ƙafa har gwiwa. Lorin ƙarshe yakan fita daga garinmu da farkon damina. Ba a sake jin ƙarar mota sai an kusa yankan riɗi. Duk abin da ya same ka a tsakanin nan, da shi za ka zauna.

Mu uku ne a gidan a wannan shekara: ni, da mahaifiyata Zainabu da nake kira Yumma, da kakata ta wajen uba, Habboba Rahama. Baba yana can gonakin Simsim yana tuƙa tarakta, ba ya dawowa sai dawa ta shiga buhu. Sunan Habboba aka sa mini, shi ya sa Yumma ba ta taɓa kiran sunana ba don kunyar surukarta. Ummi take ce mini. Ita kuwa tsohuwar, Takwara take kirana.

Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, Habboba takan jawo kanun ɗinta, ɗan murhun garwashi, zuwa bakin rumfa ta ɗora tukunyar gahawa. Ƙamshin citta ne yake kiran yaran maƙwabta. Mukan zauna a tabarma mu takura juna, kowa yana neman gefen da hayaƙi yake korar sauro. Ba ta fara tatsuniya sai ta zuba kofin farko ta kurɓa. Daga nan sai ta dubi ƙofar gida kamar ta hango wani, ta ce, “Ga wata can tafe, ƙafarta duk taɓo.”

Mu kuma mu amsa, “Ta shigo mu wanke mata.”

Hausarta ba irin tamu ba ce. Tana da kalmomin da ta gada daga kakanta, wanda ya taso daga yamma da niyyar Makka ya tsaya a nan ya yi gona. In muka cusa Larabci a magana takan ce mun jiƙa harshenmu da ruwan wasu. Amma in labari ya yi zafi ita ma sai ka ji ta ce “kalas”, mu yi ta dariya, ta yi kamar ba ta ji ba.

Zazzaɓin ya zo mini kamar kowane zazzaɓin damina. Yumma ta goya ni zuwa ɗakin shan maganin ƙauye, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, wurin Hakim Usman. Hakim muke ce wa ma'aikacin lafiya irinsa, wanda ba likita ba ne amma shi ne duk abin da muke da shi. Ya taɓa goshina, ya ce maleriya ce, ya ba ni ƙwayoyi masu ɗaci da suka sa ni ƙaiƙayi har tafin ƙafa. Na shanye su, zazzaɓin bai tafi ba. Ya koma allura, kwana bakwai. Jikina yakan yi sanyi da safe har in fito in zauna a rana, la'asar na yi kuma ya dawo. Abinci ya fita raina. Hannuwana suka zama kamar kara, cikina kuwa yana ta girma, har rigata ta daina sauka.

A sati na huɗu Hakim Usman ya zo gida da kansa, takalmansa a hannu saboda taɓo. Ya kwantar da ni a gadon igiya, ya ɗora tafinsa a cikina ta hagu, ya riƙa ƙwanƙwasa bayan yatsansa da ɗayan hannun yana saurare. Ya sauko a hankali har ƙasan cibiya. Ya duba cikin fatar idona. Ya lalubi matsematsina ya ji kaluluwa. Sai ya zauna a turmi.

“Hajja,” ya ce wa Habboba, “wannan ba maleriya ba ce. Saifarta ta sauko har nan. Ina zargin kala-azar.”

Yumma ta dafe bango. Duk garin an san sunan.

“To ka ba ta maganinsa,” in ji Habboba.

“Ba ni da shi. Ba ni da ko abin gwada shi. Kuma ba magani ne da ake bayarwa da zato ba, yana da ƙarfi. Sai Gadarif.”

“Da wace hanyar?”

Ya ce dai a riƙa ba ni madara da ƙwai da duk abin da zan iya haɗiyewa, a tafasa ruwan shana, a kiyaye ni da mai tari. Ya ce ba a ɗauka ta zama tare. Wani ɗan ƙuda ne da bai kai sauro ba, mai ɓuya a tsagar ƙasa da gindin aduwa, shi ya cije ni tun da rani. Amma iyayen yara ba su yarda ba. Daga ranar tabarmar Habboba ta zama tawa ni kaɗai.

Mun gwada fita sau ɗaya. Maƙwabcinmu Malam Idi ya ɗaura jakinsa a amalanke, aka shimfiɗa ni a kai, Yumma tana riƙe da zane a kaina. Muka yi tun hantsi har azahar muna tafiyar da da rani ba ta kai awa ɗaya ba. Da muka isa kwarin da yake tsakaninmu da babbar hanya, ruwa ya cika shi yana gudu da rassan itace. Malam Idi ya shiga da sanda, ruwan ya kai masa ƙirji tun bai yi taku biyar ba. Muka tsaya muna kallon ɗaya gaɓar. Kusa take, har ina ganin awaki suna kiwo. Sai ya juya kan jakin. A hanyar dawowa hancina ya fara zubar da jini, Yumma ta toshe shi da gefen mayafinta har gida.

Kwana biyu bayan haka Habboba ta fita da sassafe ta dawo da wata tsohuwa mai suna Batula, wadda ake kai wa masu targaɗe da ciwon ciki. Aikinta shi ne ƙona wurin ciwo da ƙarfe mai zafi. Na ga Batula ta ciro ƙusa mai lanƙwasasshen kai daga ƙullin zane ta tura cikin garwashin kanun, wannan kanun ɗin dai na gahawa.

Yumma ta tsaya a ƙofar ɗaki. “Hajja,” ta ce, murya ƙasa ƙasa, “hakim bai ce a yi wannan ba.”

“Hakim ya ce Gadarif. Kin ga Gadarif?”

“A ɗan ƙara haƙuri, ko ruwan zai ja.”

“Zainabu, na binne biyu ina haƙuri. Ba zan zauna hannu a cinya in kalli ta uku ba.”

Yumma ba ta taɓa mayar wa surukarta magana sau uku ba, ba ta kuma fara ranar ba. Ta juya ta shiga madafa. Habboba ce ta danne mini ƙafafu. Na tuna nauyin hannuwanta fiye da zafin ƙarfen, da yadda ta kawar da kai tana karanta wani abu a ranta. Sau uku aka ɗora ƙusar a kan saifar. Na yi ihu har muryata ta dushe.

Saifar ba ta ragu ba. Ɗaya daga cikin ƙunar ta ruɓe ta fara ruwa. Da Hakim Usman ya zo wanke ta bai yi faɗa ba, ya ce kawai, “Jikinta ba shi da ƙarfin warkar da rauni yanzu, Hajja.” Ni kuwa na daina yi wa Habboba magana. In ta kawo kunu sai in juya fuska ga bango. Kwana uku muna haka.

A maraice na huɗu ta sa Yumma ta fito da gadona rumfa. Ta hura wuta ta ɗora gahawa kamar kullum, ta kurɓa, ta dubi ƙofa.

“Ga wata can tafe, ƙafarta duk taɓo.”

Na kawar da kai. Ta jira. Ruwa yana ɗiga daga bakin rumfa cikin kwano. Da ta ga ba zan amsa ba sai ta ce, “To, ta shigo da taɓonta,” ta fara.

Wai akwai wata yarinya mai suna Talle da ta tafi tsintar 'ya'yan kuka. Hadari ya taso, ta ga wata tsohuwar kuka mai kogo, ta shiga ta fake. Tana ciki barci ya ɗauke ta. Da ta farka bakin kogon ya haɗe, ba ƙofa ba taga, sai duhu. Ta yi ta kira. Mutanen gari suka ji muryarta daga cikin itace, amma kukar tana da kauri ƙwarai, ba wanda ya san ta wane gefe yarinyar take.

Nan Habboba ta tsaya. “Sauran sai gobe. Amma tatsuniya ba ta zuwa gidan da aka bar kunu a kwano.”

Na sha rabin kunun. Ba don na huce ba, don ina son in ji ko Talle za ta fito.

Haka muka yi ta yi, maraice bayan maraice. Kullum wani yakan zo ya ce ya san abin da ya kamata. Giwa ta zo ta ce ƙarfi ne magani, ta sa goshi ta tura. Kukar ta girgiza, Talle ta faɗi ta fasa baki. Kura ta zo ta ce a haƙa ta ƙasa, ta yi ta tono har ta gaji, ta ce dama ba don yarinyar ta zo ba, ta tafi. Biri ya hau sama ya ce a zuba ruwa ta rassa itacen ya yi laushi. Ruwan ya gangara ciki ya kai wa Talle ƙugu. Habboba tana iya muryar kowa. In tana kura takan karkace baki har haƙorinta ɗaya na gaba ya fito, ni kuma dariya tana ja mini ƙunar cikina, ina yi ina riƙe gefen gado.

Amma tatsuniyar ba ta tafiya. Na san tatsuniyoyinta, ba wadda take wuce dare biyu. Wannan kuwa ta yi sati, ta shiga na biyu, Talle tana nan cikin duhu. Ni ma ina nan. Duniyata ta koma gadon igiya, da bakin rumfa, da ɗan yankin sama da nake gani tsakanin katanga da darbejiya. Ina jin yara suna wasa a waje, muryoyinsu kamar daga wani gari. Na haddace kowace igiya ta rufin rumfar.

Wata rana na ce, “Habboba, yaushe za ta fito?”

“Ba a tambayar mai tatsuniya ƙarshe.”

“Za ta fito dai?”

Ta ɗauki muciya ta tona garwashi. “Sha kununki, Takwara.”

A maraicen da ya biyo baya ta kawo wata da ba dabba ba. Ta ce kakar Talle ce ta zo. Tsohuwar ta zagaya kukar sau bakwai tana kiran jikarta, tana jin muryar tana ƙara yin ƙasa. Ta ce a ranta, kowa ya yi nasa, ni kaɗai ce ban yi komai ba. Sai ta tara itace a gindin kukar ta kunna wuta, wai zafi zai sa bakin kogon ya buɗe.

“Ya buɗe?” na tambaya.

“Bai buɗe ba. Hayaƙi ne ya shiga ta tsagar saiwa. Yarinya tana tari a ciki, tsohuwa tana ji a waje. Ta yi ta kashe wutar da tafin hannunta har ya saɓule.”

“Muguwa ce.”

“Wawuya ce,” ta ce. “Tsoro ne ya yi mata yawa.”

Ranar ba ta yi muryar kowa ba, da muryarta ta ba da shi. Na lura Yumma, wadda ba ta zama wurin tatsuniya, tana tsaye a jikin ginshiƙin rumfa da kwano a hannu. Ta ajiye kwanon, ta zo ta zuba wa surukarta gahawa, ta koma ciki. Ban fahimci komai ba. Haushi kawai na ji don ba a yi abin dariya ba.

Baba ya iso a ƙarshen wannan satin. Wani makiyayi ne ya kai masa saƙo, ya bar aikin ya taho da ƙafa, kwana huɗu. Da ya shigo ban gane shi ba, taɓo har gemu. Ya ɗaga rigata ya ga cikin, ya ga ƙunar, ya dubi uwarsa. Ita ta dubi ƙasa. Ya juya ya fita. Ruwa ya ɗauke kwana uku a jere, kuma a rana ta uku ya dawo da taraktar wani manomi daga ƙauyen gaba, da tirela a bayanta. Ya so Habboba ta zauna a gida. Ta riga kowa hawa, da kanun ɗinta a cinya.

Kwana biyu muka yi a hanya. A kwarin nan ruwa ya ja zuwa ƙugu. Baba ya ɗora ni a wuya ya haye da ƙafa, sannan ya koma ya shigo da taraktar. Sau uku tana nutsewa ana haƙa ana cusa ƙaya a ƙarƙashin taya. Abin da ya rage a kaina daga tafiyar shi ne warin man dizal da amai.

A asibitin Gadarif wata likita siririya ta yi mini abin da Hakim Usman ya yi, ta ƙwanƙwasa cikina tana saurare, ta auna saifar da ɗan ma'auni ta rubuta. Ta taɓa ƙunar da yatsa, ta dubi manyan da suke tsaye, ba ta tambayi wanda ya yi ba. Aka ɗebi jinina. Aka soka siririyar allura a kaluluwar matsematsina aka zuƙo ɗan ruwa, aka shafa a gilashi aka tafi da shi. Kashegari ta dawo ta ce sun ga ƙwayar cutar da idonsu, kala-azar ce. Ta ce jinina ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mini, aka ɗebi na Baba. Sannan allura ɗaya kullum, kwana talatin, ba tsallake.

Allurar nan tana da zafin da har yau in na tuna sai in gyara zama. Tana shiga kamar an tura barkono cikin tsoka. Ɗakinmu cike yake da yara masu irin cikina, wasu daga bakin Rahad, wasu daga ƙauyukan kan iyaka, kuma da mai allura ta shigo da tirenta sai kuka ya fara daga gadon farko ya bi layi. Ba a barin mu fita daga harabar. Na bar gadon igiya na koma gadon ƙarfe, ga katanga mai tsawo maimakon taɓo.

Masu jinya suna girki a ƙarƙashin bishiyoyin harabar. Nan Habboba ta kafa kanun ɗinta. A kwana na tara zazzaɓin ya sauka bai dawo ba, na ce ina jin yunwa, na cinye kisra biyu, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa. Da maraice Yumma ta riƙo ni muka fito. Habboba ta dube ni ina lasar yatsa, ta ce wata tana tafe da taɓo a ƙafa. Na amsa mata, ta shigo mu wanke mata, a karo na farko tun ranar Batula. Yara uku daga ɗakinmu suka matso.

Ta ce bayan kowa ya gaji ya watse, sai ga maƙwaƙwafi, ɗan tsuntsun nan mai saran itace da baki. Bai ce ya san magani ba. Ya sauka a jikin kukar ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai ya saurara. Ya matsa gaba ya sake. Mutane suna cewa, yarinya tana mutuwa kai kana kiɗa. Bai kula su ba. Yini guda yana zagaya itacen, har ya iso wurin da amon ya sauya. Ya kira, “Talle, kina nan?” Ta ce, “Ina nan.” Ya ce, “Zan sara. Kowane sara za ki ji shi a kanki, kuma ba yau zan gama ba.” Ya yi ta sara, kullum kaɗan. Ranar farko haske ya shiga kamar ƙwayar gero. Sai da ya yi kwana talatin kafin ramin ya isa mutum ya fito.

“Kakar fa?” in ji wata yarinya daga cikin masu saurare.

“Tana zaune a gindin itacen da hannuwa a naɗe. Ba ta iya ɗaukar jikarta ba. Yarinyar ce ta zo ta zauna kusa da ita.” Habboba ta juye sauran gahawar a ƙasa. “Nan na sauke ta. Mai so ya ɗauka.”

Na cika allurata talatin. Muka koma gida a lori, ana yankan riɗi. Bayan 'yan watanni ƙuraje suka feso mini a gefen baki da kumatu. Hakim Usman ya ce sawun ciwon ne, za su tafi da kansu, suka kuma tafi. Habboba ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ta ba da tatsuniyoyi da yawa, amma ta Talle ba ta sake ba da ita ba, ko an roƙe ta. Maganar ƙusa kuwa ba ta taɓa haɗa mu ba har ta rasu.

Na daɗe ina ɗauka na gane tatsuniyar. Da na zama malamar makaranta a Madani har nakan ba wa ɗalibaina ita, in ce musu darasinta shi ne a san ciwo kafin a ba da magani. Sai da na girma sosai na lura cewa Habboba ba ta gaji wannan labari daga kowa ba. Tana ƙirƙirarsa ne maraice bayan maraice, kuma ta ƙi ƙarasa shi a ƙauye don ita ma ba ta san ko yarinyar za ta fito ba. Ba ta yarda ta yi mini ƙarya ba, ko a tatsuniya.

Sauran kuwa ban gane shi ba sai da yaƙi ya koro mu daga Madani a ƙarshen 2023. Na dawo Gadarif da 'yata Hiba, mai shekara shida, aka ba mu kusurwa a ajin wata makaranta, iyali biyar a ɗaki ɗaya, zannuwa ne katangarmu. Mijina ya tsaya a baya wurin tsohuwarsa da ba ta iya tafiya. Cikin sati na uku Hiba ta fara tari, ƙirjinta yana fito kamar an danne ɗan kyanwa. Layin asibiti yakan fara tun asuba ya kai la'asar. Na ce bari in ga gobe. Goben ta zo na sake cewa haka. Matan ɗakin kowa da nata: wannan ta ce man riɗi da gishiri, waccan ta ce sanyin siminti ne. Wata dattijuwa daga Gezira ta ba ni bagaruwa ta ce in turara mata.

Ni da na yi shekaru ina koyar da yara darasin maƙwaƙwafi, ni ce na zuba bagaruwa a garwashi da rana tsaka, na lulluɓe kan 'yata da mayafi, na riƙe mata hannuwa don kada ta yaye. Ba ta yi minti biyu ba na ji jikinta ya sauya a hannuna. Da na cire mayafin leɓɓanta sun yi duhu, tana jan iska da kafaɗu, fatar wuyanta tana lotsawa.

Na ɗauke ta na yi waje. Wani mai raksha, babur mai ƙafa uku, ya kai mu asibiti, mutanen layi suka buɗe mana hanya. Likitan ya sa abin saurare a bayanta, ya matsa, ya sake sa wa. Aka rufe mata hanci da baki da abin shaƙar magani har numfashin ya dawo. Ya tambaye ni ko takan yi tari in ta yi gudu, ko in an share ɗaki, ko akwai mai irin wannan a dangi. Ya ce asma ce. Ya ba mu ɗan abin fesawa, ya yanka gindin gorar ruwa ya nuna mini yadda zan sa shi ta riƙa shaƙa a hankali. Ya ce hayaƙi da ƙura su ne abokan gabarta, in ta fara jan iska da kafaɗu kada in jira gobe.

“Kwana nawa za ta yi tana sha?” na tambaya.

“Wannan ba na ƙidayar kwana ba ne,” ya ce. “Za ku koyi zama da shi. Wasu yana sakinsu in sun girma.”

A bencin asibitin nan, Hiba tana barci a cinyata, na tuna tsohuwar da ta kashe wuta da tafin hannu. Shekara talatin da wani abu ina ɗauka tsuntsun ne zuciyar labarin. Ashe Habboba gafara take nema, a gaban surukarta, daga yarinya 'yar shekara takwas, ta hanya ɗaya tak da mace irinta take da ita. Na ce mata muguwa, ta karɓa.

Ni ban iya ƙirƙirar tatsuniya ba. Da muka koma makarantar, matan ɗaki suka kwashe kanun ɗinsu suka mayar can bakin katanga ba tare da na roƙa ba, dattijuwar nan ce ma ta fara ɗauka. Na zaunar da Hiba a kan tabarmarmu, na ce mata, “Hayaƙin nan da na sa miki shi ya ƙara miki ciwo. Ban sani ba, kuma ya kamata in kai ki asibiti tun kwana biyu da suka wuce. Ki yafe mini.”

Ta dube ni, tana juya gorar a hannu. “Kin riƙe ni da ƙarfi,” ta ce.

“Na sani.”

“Na ce miki ki sake ni, ba ki ji ba.”

“Na ji. Tsoro nake ji.”

Ta yi tunani, irin na yara, da gaske. Sannan ta miƙo mini gorar. “To riƙe mini wannan,” ta ce. “Ni zan danna da kaina.”